Kaska a Cikin Harami

Kun gani. Kada wanda ya ce mini bai gani ba. Bidiyon barewar nan mai ƙaho kamar rassan busasshiyar bishiya ya zagaya wayoyinku daga Misfala har Kudai. Kun yi dariya, kun ce arziki ya yi wa Mish'al ɗan Alhaji Sabo yawa, ya ɗauko dabbar ƙasar ƙanƙara ya ajiye a zafin Makka. A gefen hoton akwai wani dattijo a tsugune da gwangwanin madara a hannu, yana tsintar wani abu daga kunnen dabbar. Kun san shi. Malam Ya'u ne, wanda kuke haɗa sahu da shi da Asuba. Da yawanku kun san inda yake kai abin da ke cikin gwangwanin nan, don ya sha faɗa a wurin mai shayi. Kuka ce, "Allah Sarki, tsoron Allah ke nan," kuka ci gaba da kurɓar shayinku.

To ku saurari inda shirunku ya kai shi.

Malam Ya'u mutumin Gumel ne. Ya zo ƙasar nan gemunsa baƙi wuluk, Alhaji Sabo ya ɗauke shi kiwon tumaki a gonarsa ta shaƙatawa, irin wadda a nan ake kira istiraha, can kudu da Kudai, a cikin iyakar Harami. Da Alhaji Sabo ya rasu, ɗansa Mish'al ya gaji gonar, ya kuma zama kafilin Malam Ya'u, wato takardar zamansa tana hannunsa. Malam Ya'u bai tara komai ba, bai kuma nemi tarawa ba. Burinsa ɗaya ne, kowa ya san shi: ya mutu a Makka, a sallace shi a gaban Ka'aba, a rufe shi a ƙasar nan. Ko ziyara ya daina zuwa gida, don kada ajali ya tare shi a can.

Barewa uku Mish'al ya sayo, mata biyu da namiji, kowace ta kusa kai girman saniya. Ya gina musu rumfa, ya sa fankoki masu feso ruwa irin na Mina. Matan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da zazzaɓi da jan fitsari. Ranar da aka ja ta biyun aka binne, Mish'al ya tsaya a bakin rumfar ya ce wa Malam Ya'u, wanda yake kira ammi, wato baffa, "Ya ammi, in namijin nan ya mutu, halas, shi ke nan. Huruj zan yi maka." Huruj ita ce bizar fita wadda ba a dawowa.

Rahmatu, matar Malam Ya'u, ita ce ta kira Ja'afar, ɗan ƙanen mijinta, wanda ya karanta lafiyar dabbobi a gida kafin ya zo, yanzu kuma yake tsaron wani shagon maganin dabbobi a kasuwar tumaki ta Ka'akiya.

"Baffanka bai san na kira ka ba," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Bature ya kwanta. Tun jiya bai taɓa ciyawa ba, shi ma Baffan naka bai taɓa tuwo ba."

Bature shi ne sunan da Malam Ya'u ya laƙaba wa namijin, saboda ba ya jure rana.

Ja'afar ya ari motar shago, ya jefa jakar magani da famfon feshi a baya, ya ratsa cunkoson bas-bas na Kudai. Da hantsi ya isa. Ya tarar da baffansa zaune a kan bokiti a bakin rumfa, carbi a hannu, idanu sun yi zuru-zuru.

"Likitan awaki," in ji Malam Ya'u. "Wa ya aiko ka?"

"Ba a aiko ni ba, Baffa. Na zo gaisuwa."

"Da famfo a bayan mota? Rahmatu ce. Bakinta kamar ƙofar Babus Salam ta Harami, ba a rufewa."

Ja'afar ya shige rumfar. Bature na kwance, haƙarƙarinsa na hawa da sauka da sauri, ƙahonsa ya jingina da bango kamar ya yi masa nauyi. Inda ya yi fitsari ƙasar ta rine, kalar zoɓon da ya sha dafuwa. Ja'afar ya matsa a hankali ya ja fatar idonsa ƙasa. Ba ja ko kaɗan, fari fat da ɗan rawaya-rawaya. Ya taɓa gindin kunne, zafi kamar murfin tukunya. Ya juya kunnen. Kaska ce jere a ciki, wasu sun ƙoshi sun kai ƙwayar gyaɗa.

"Matan ma haka suka yi?"

"Haka. Ido ne, Ja'afar. Kowa ya zo sai ya ɗauke su hoto, ba mai cewa masha Allah."

"Ba ido ba ne, Baffa. Kaska ce. Akwai wata ƙwayar cuta da take ɗauke da ita, a makaranta babesiya muke ce mata. In ta ciji dabba sai ta zuba mata, ƙwayar ta shiga jini tana farfasa shi. Wannan da kake gani a ƙasa jininsa ne yake fita ta fitsari."

"Tumakina fa? Tun zamanin Sabo kaska ke jikinsu. Ga su can suna tuƙa."

"Su 'yan gida ne, jikinsu ya saba. Shi baƙo ne, ga zafi ya riga ya cinye masa ƙarfi. Akwai allura. In ya samu yanzu yana iya tashi. In aka kai yamma ban sani ba."

Malam Ya'u ya mayar da carbinsa aljihu. "To me kake jira? Yi masa."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Dabbar da ke kwance ba matacciya ba ce, kuma tsinin ƙahon nan zai iya farke cikin mutum. Malam Ya'u ya warware hiramin kafaɗarsa ya rufe wa Bature ido, ya riƙe gindin ƙaho da hannu biyu, ya ɗora gwiwarsa a wuyansa, yana yi masa magana kamar mai lallashin jika. "Haƙuri, Bature. Haƙuri, ɗan ƙasar sanyi. Yaron nan hannunsa ba daɗi, amma ɗan'uwana ne." Ja'afar ya zuƙi maganin, ya nemi tsoka a wuya, ya soka. Bature ya yi wani gurnani ya yunƙura. Dattijon ya tafi sama da ƙahon, ƙafafunsa suka bar ƙasa, amma bai saki ba. Wani reshen ƙahon ya kama rigar Ja'afar ya keta ta daga hammata zuwa ƙugu. Ja'afar ya danna allurar har ƙarshe, ya zare, ya yi tsalle baya.

Suka tsaya suna haki. Bature ya koma ya kwanta.

"Saura kaɗan in kai wa uwarka labari," in ji Malam Ya'u.

"Saura kaɗan in kai wa Inna Rahmatu."

Dattijon ya yi 'yar dariya, ta farko tun jiya. Sai ya ɗauko gwangwaninsa daga kan katanga, ya tsuguna, ya shiga cire kaskar ɗaya bayan ɗaya, yana murɗawa a hankali don kada ya fasa su, yana sakawa a ciki. Da ya gama kunnuwa da cinya, ya miƙe ya nufi bayan rumfa. Ja'afar ya ɗauka wuta zai kai su. Ya bi shi.

A bayan rumfar akwai inuwa, inda ruwan fankokin ke gangarowa ya jiƙa gindin bango. Nan Malam Ya'u ya duƙa, ya yi bisimilla, ya juye gwangwanin a hankali. Kaskar suka watsu suna jan ciki, suna neman tsagar bulo.

"Baffa! Me kake yi?"

"Na sallame su."

Ja'afar ya durƙusa ya sa tsinke a wata tsaga. Ƙwai ne cunkus kamar garin ɗanwake da ya jiƙe. Sama da su, a jikin bangon, ga 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe, ƙanana kamar an watsa garin barkono, suna hawa, suna bi ta ƙarƙashin kwanon rumfa su koma ciki.

"Tun yaushe kake zuba su a nan?"

"Tun kafin ka iya tsarki."

"Kowace ɗaya da ka saki, dubbai take haifa. Ka zaɓa musu inuwa, ka ba su ruwa. Baffa, ba kiwon barewa kake ba, kiwon kaska kake!"

"Rage murya. Ba a Ka'akiya kake ba."

Ja'afar ya juya ya tafi mota. Ya haɗa maganin feshi, ya goya famfon, ya dawo. Ya tarar da baffansa tsaye a gaban bangon, ya buɗe hannuwa.

"Ka san inda kake tsaye?" in ji Malam Ya'u. "Ka ga ginshiƙan iyaka a hanya? Muna ciki. Nan ko ƙaya ba a cirewa, ko tsuntsu ba a kora. Mai rai ya shigo nan ya shiga amana."

"Abin da ke cutarwa ana kashe shi ko a Harami. Kai ka koya mini."

"An ambaci kunama. An ambaci ɓera. An ambaci hankaka. Ka taɓa jin an ambaci kaska?"

"To allurar da ka riƙe mini shi na yi masa fa? Masu rai take kashewa a jininsa."

"Waɗannan ban gan su ba. Waɗannan kuwa ina ganinsu, suna da ƙafafu. Malam Abdulganiyyu da bakinsa ya ce mana a karatu: wanda Allah ya zaunar a Harami, ko cinnaka ya kiyaye. Shekarun nan duka ban kashe komai a ƙasar nan ba, Ja'afar. Shi ne kaɗai abin da zan tafi da shi. Ba ni da ilimi, ba ni da dukiyar sadaka."

Ja'afar ya buɗe baki, sai suka ji ƙarar mota a bakin ƙofa.

Mish'al ya fito cikin farar jallabiya, makulli na lilo a yatsansa. Haifaffen unguwar Tandabawi ne, kakansa ne ya zo daga Haɗeja a ƙafa, Hausarsa kuma rabi Larabci ce. Ya leƙa rumfa, ya ga jan fitsarin, fuskarsa ta canza. Ya zagayo baya ya same su: ɗaya goye da famfo da yagaggiyar riga, ɗaya ya tare bango.

"Salamu alaikum. Wane ne wannan?"

"Ɗan ƙanena ne, likitan dabbobi."

"Ɗayyib. Ya daktur, faɗa mini. Me yake kashe mini dabbobi?"

Amsa biyu ce a bakin Ja'afar. Yana iya cewa da cutar suka zo daga ƙasarsu, ba wanda zai ƙaryata shi. Ya kalli baffansa, ya fara, "Irin waɗannan dabbobin, in aka kawo su daga..."

"Kaska ce," in ji Malam Ya'u. "Haka ya ce yanzun nan. Kada ka yi ƙarya saboda ni a cikin Harami, yaro." Ya ɗaga gwangwanin ya nuna wa Mish'al. "Ina cire musu kullum, safe da yamma. Ba na fashi. A nan nake sakinsu."

"Kana sakinsu."

"Da ransu."

Mish'al ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. Sai ya duƙa ya kalli bangon. Ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe, ya kakkaɓe gefen jallabiyarsa da sauri, dariyar ta tafi.

"Maganin feshin da nake aiko maka fa?"

"Yana cikin sito. Ban taɓa ko ɗaya ba, kana iya dubawa."

"La haula wala ƙuwwata." Mish'al ya dafa kansa. "Ya ammi, kai ka goya ni a gonar nan. Wallahi ba na son in ga ranar da zan sa hannu a takardarka. Amma na binne biyu."

"Zan fesa yanzu," in ji Ja'afar da sauri. "Bango, ƙasa, tumaki, duka. Na riga na yi masa allura. In Allah ya so zai tashi."

"Kai za ka fesa yau. Gobe fa? Kana Ka'akiya, shi yana nan da gwangwaninsa." Mish'al ya miƙa hannu. "Sauke famfon. Ba shi."

Ja'afar ya sauke. Mish'al ya ɗauka ya ajiye a gaban dattijon.

"Ya ammi, ka fesa da hannunka in gani, mu manta da maganar huruj, ko ya tashi ko ya mutu. In ba za ka iya ba, ni ma ba zan iya ba. Zan kawo wani."

Fankokin na ta juyi, ruwa na ɗiga a gindin bango. Rahmatu, wadda ta biyo mijinta gonar tun da Bature ya kwanta, ta fito daga ɗakin masu gadi ta tsaya nesa, ta ja mayafinta ta toshe baki.

"Malam," ta ce, "don Allah."

Malam Ya'u bai kalle ta ba. Famfon yake kallo.

"Baffa, tsaya," in ji Ja'afar. "Malam Abdulganiyyu ne ya faɗa, ko? To bari mu ji daga bakinsa." Ya ciro waya ya kira, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Sai da ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Allah ya gafarta Malam, Ja'afar ne, ɗan ƙanen Malam Ya'u. Tambaya ce ta gaggawa. Kaska tana kashe dabbobi a gonar da ke cikin Harami. Ya halatta a fesa mata magani?"

"To, ai abin da ya tabbata yana cutarwa..."

"Allah ya gafarta Malam," Malam Ya'u ya katse, ya matso bakinsa kusa da wayar, "ni ne Ya'u. Kai ka ce mana ko cinnaka mu kiyaye. A karatun bayan Magariba, shekarar da aka fara rushe gidajen Shamiya. A kan maganarka nake tun ranar."

Ana jin ƙarar cokali a kofi daga can.

"Na faɗi haka?"

"Ka faɗa."

"Su wa ke wurin?"

"Ni da Ja'afar da ɗan Alhaji Sabo."

"To." Malam ya yi gyaran murya. "Mas'ala ce mai faɗi, Malam Ya'u. Malamai sun yi magana ta nan, sun yi ta can. Tsantseni kuma abu ne mai kyau, ba a hana mutum. Ba maganar waya ba ce. Ku same ni in an kwana biyu, mu buɗe littafi."

"Malam, takardar zamansa ce a kai!" Ja'afar ya ɗaga murya. "Yanzu, a nan! Kalma ɗaya muke nema, e ko a'a!"

"Yaro, ba a yi wa ilimi tsawa. Allah ya yi mana zaɓi."

Malam ya kashe wayar.

Kalma ɗaya. Yana da ita a baki, ya ma fara furta ta. Da ya ji cewa furta ta na nufin ya ce "na yi kuskure" ko "ba haka nake nufi ba" a gaban ɗan Alhaji Sabo, sai ya haɗiye ta ya koma kan shayinsa.

Malam Ya'u ya duƙa. Ya kama igiyar famfon, ya ɗaga shi sama kaɗan. Rahmatu ta saki numfashi. Ya tsaya haka, famfon na lilo, maganin na motsi a ciki. Ya kalli bangon, ya juya ya kalli arewa, inda kan dogon agogon Harami ke leƙowa ta bayan duwatsu. Sai ya ajiye famfon a hankali a gaban Mish'al.

"Ɗan Sabo, ka yafe mini barewarka. Na zauna a ƙasar nan don in mutu da hannu mai tsabta. In na ɓata shi don in zauna, zaman me na yi?"

"Baffa, wallahi ba zunubi ba ne!"

"Kai ka ce. Malam bai ce ba."

Mish'al ya ce wa Ja'afar, "Fesa," ya juya ya tafi mota. Ja'afar ya goya famfon yana feshi, hawaye da gumi na haɗuwa a haɓarsa. Malam Ya'u ya shige ɗakin masu gadi ya rufe ƙofa don kada ya gani.

Bature ya tashi. Fitsarinsa ya washe, ya koma cin ciyawa, wani ɗan Sudan ke kula da shi yanzu. An buga wa Malam Ya'u huruj. Yana Misfala, a ɗakin wani ɗan garinsu, Rahmatu na ɗaure tukwane a buhu tana kwancewa. Kowace salla yana takawa zuwa Harami, in an idar ya zauna yana kallon Ka'aba har masu shara su tashe shi.

Ja'afar ya koma wurin Mish'al. Mish'al ya ce maganarsa na nan: ranar da dattijon ya ɗauki famfo da hannunsa, zai soke bizar, muddin kwanakinta ba su ƙare ba. Kwanakin kuwa tafiya suke.

A wata walimar suna da aka yi a Tandabawi, wani ya ja Malam Abdulganiyyu gefe ya yi masa tambayar. Malam ya ce, yana yagar nama, "Kaskar da ke kashe dabba? A kashe ta mana, wa ya ce da laifi?" Mutum nawa ne a kan tabarmar nan? Kuna cikinsu. Ja'afar ya kai wa baffansa maganar a guje. Malam Ya'u ya girgiza kai ya ce, "Daga bakinsa na ji ta farko. Daga bakinsa zan ji ta biyu." Ja'afar ya je ƙofar Malam har ya gaji, kullum ana ce masa yana hutawa. Shi yaro ne, kuma ya yi wa ilimi tsawa.

Ku ba yara ba ne. Ku ne kuke zama a gabansa bayan Magariba, ku ne kuke ɗaukar masa takalmi, ku ne ba zai iya ce wa yana hutawa ba. Yau, in an sallame karatu, kada ku watse. Ku tsaya a kansa, da ladabi, amma ku tsaya. Ku kama hannunsa ku gangara da shi Misfala, ku shigar da shi ɗakin da Malam Ya'u yake, ya zauna ya dubi idon dattijon nan ya faɗa masa abin da ya faɗa a kan tabarmar walima. Daga nan ku sa su duka biyun a mota ku kai su gonar Mish'al. Ku tashi.